Fatalwa a Ma'ajiyar Takalma

Ba yau aka fara taƙaddama a gidajen Hausawan Sabha a kan abin da 'yan mata suke kallo ba. Iyayenmu mata sun yi zamanin fina-finan Indiya na kaset, an kuwa yi musu faɗa a kai. Yayyenmu sun ɓoye littattafan soyayya na Kano a ƙarƙashin katifa, irin waɗanda masu zuwa ta hanyar Agadas suke shigowa da su tare da kilishi da daddawa da kuka, littafi guda ya zaga gida goma har bangonsa ya cire. A 2008 tashar MBC ta sako wasan Turkiyya na Nur da Muhannad da Larabcin Sham, unguwa takan yi tsit lokacin da ake nuna shi, malamai kuma suka yi ta wa'azi a kansa. Yanzu yayin Koriya ake yi. Zargin dai bai taɓa canzawa ba: wai soyayya ake koya wa yara, za su raina mazan da ke gabansu, su riƙa mafarkin wani saurayi mai laushin fuska wanda bai san tsawa ba.

Mu da muka girma tsakanin Gurda da Mahadiyya da Manshiyya, muka yi karatu da Larabci a makaranta muka dawo gida muka yi Hausa, muna cikin waɗanda aka yi wa wannan faɗa. Ba mu ce babu gaskiya a cikinsa ko kaɗan ba. Sai dai akwai wani wasa guda da muke so mu yi magana a kansa, domin abin da ya bari a zukatanmu ya sha bamban da abin da iyaye suke tsoro.

Sunansa da yaren Koriya Cheongchun Sidae, wato zamanin ƙuruciya. Masu fassara shi zuwa Larabci sukan kira shi Asrush Shabab, a wasu wuraren kuma ana samunsa da sunan Age of Youth ko Hello, My Twenties. Tashar JTBC ta Koriya ta Kudu ce ta nuna shi daga watan Yuli zuwa Agusta na 2016, kashi 12, sannan zango na biyu ya biyo baya a 2017 da kashi 14. Wata marubuciya mai suna Park Yeon-seon ce ta rubuta shi. Labarin 'yan mata biyar ne, kusan dukkansu ɗaliban jami'a, da suke haya a gida ɗaya mai suna Belle Epoque a birnin Siyul. Babu ɗan sarki a ciki, babu ɗan attajirin da ya faɗa son 'yar talaka. Akwai firij guda da kowa ta rubuta sunanta a jikin abincinta, akwai banɗaki da ake layi a ƙofarsa da safe.

Bai iso mana a shekarar da aka yi shi ba. Sai daga baya, a waya, da fassarar Larabci a ƙasan hoto wadda wasu matasa masu sha'awa suke yi a intanet ba da ko sisi ba. Waɗanda suka zauna a garin nan a waɗancan shekaru ba sa bukatar a tuna musu yadda ake ciki. Wuta takan ɗauke ta wuni ba ta dawo ba, a tsakiyar zafin da iskar gibli ke ƙara wa wuta. Maza suna kwana a layin banki domin a ba su kaɗan daga kuɗinsu na kansu. A watan Nuwamba na 2016 an yi kwanaki ana musayar wuta a cikin gari, a farkon 2018 aka sake, har ɓarin wutar ya taɓa tsohuwar ganuwar nan ta kan tudu wadda hotonta ya daɗe a bayan takardar dinari goma. A irin wannan hali 'ya mace ba ta fita sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Wadda ta dace da intanet ita ce take sauko da kashi biyu ko uku, ta tura wa saura waya zuwa waya, a yi ta tattalin caji kamar ana tattalin ruwa a Tenere.

Kallon kansa wani abin lura ne. Baki na Koriya, rubutu na Larabci, sharhi kuma da Hausa, domin idan Inna ko Goggo ta matso tana tambayar me aka ce, dole wata ta mayar mata. A nan muka fara gano cewa wasu abubuwan da suke wahalar da mai fassarar Larabci, a Hausa suna nan a ajiye. 'Yan matan gidan ba sa kiran wadda ta girme su da gatsal ɗin sunanta. Suna da onni, suna da sonbe. Larabcin rubutu ba shi da kalma guda da ta raba 'yar uwa babba da ƙarama, don haka masu fassara sukan bar kalmar yadda take. Mu kuwa ba mu ɓata lokaci ba, muka ce Yaya. Haka cire takalmi a bakin ƙofa, da miƙa wa babba abu da hannu biyu, da rusunawa wajen gaisuwa, da sunkuyar da kai idan ana yi maka faɗa. Wata dattijuwa da ta zauna ta kalli rabin kashi tare da mu ta ce, “Waɗannan mutane suna da kunya.” A bakinta babu yabon da ya wuce wannan, kuma ba mu taɓa jin ta yi wa 'yan wasan Turkiyya shi ba.

Kashin farko ya buɗe da zuwan Eun-jae, ƙaramarsu, 'yar ƙauye mai shekara ashirin wadda ba ta iya cewa a'a ba. Aka cinye mata abin shafa wa burodi da uwarta ta haɗo mata, aka bar ta tsaye a bakin banɗaki, aka riƙa manna mata 'yan takardu na gargaɗi maimakon a yi mata magana baki da baki. Ta yi ta haɗiyewa har ranar da ta fashe, ta ɗauki jakar ɗayarsu ta wurga ta taga. Daga baya ne ta fahimci cewa su ma akwai abubuwan da suke haƙuri da su daga gare ta ba su faɗa ba. Duk wadda ta taɓa zama a gidan haya na Hausawa a Sabha, iyali uku ko huɗu a tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya, ta san wannan karatu tun kafin ta iya karanta fassara. Zo mu zauna, zo mu saɓa.

Wadda ta fi shiga ranmu ita ce babbarsu, Jin-myung, wadda Han Ye-ri ta fito a matsayinta. Shekararta 28 amma ba ta gama jami'a ba, saboda takan tsaya ta nemi kuɗin makaranta. Tana koyar da yara a gida, tana aiki a gidan abinci, da dare kuma tana tsaron kanti. Ƙanenta ya shekara shida kwance a asibiti bai san inda yake ba, uwarsu ta nutse a bashi, masu bin bashin kuma ita suke nema. Wani mai dafa abinci a wurin aikinta ya so ta, so na mutunci, ta roƙe shi ya daina, domin idan ta san akwai mai sonta za ta yi rauni, ita kuwa ba ta da damar yin rauni. Shugaban wurin aikin nata ya nemi ya yi amfani da talaucinta, da ta ƙi sai ya mayar da ita abin wulaƙantawa a gaban sauran ma'aikata. Muna da irinta a kowane layi. Yarinyar da take wankau da shara a gidajen masu hali tun da sassafe, ko take toya ƙosai da awara a ƙofar gida, ko take ƙunshi da kitso a gidajen biki, kuɗin kuma bai taɓa kwana a hannunta ba: rabi ya tafi haya, rabi a aika Damagaram ko Tawa ko Maraɗi. Ba wanda yake tambayarta ko tana da wanda take so. An riga an ɗauka cewa ita ginshiƙi ce, ginshiƙi kuwa ba ya gajiya.

Sai kuma maganar fatalwa. Ji-won, sarkin surutun gidan, wadda Park Eun-bin ta fito a matsayinta shekaru kafin duniya ta san ta a wasan lauya Woo na 2022, ta ce wata rana cikin maye wai tana ganin fatalwa a cikin ma'ajiyar takalman da ke bakin ƙofa. Ƙarya take yi, kamar yadda ta saba. Amma ba wadda ta yi dariya, domin kowacce ta ɗauka tata ce ta biyo ta. Jin-myung ta tuna ƙanenta da bai mutu ba bai kuma rayu ba, wanda a can ƙasan zuciyarta ta sha fatan ya huta ita ma ta huta. Eun-jae ta tuna mahaifinta, wanda take ganin ita ce sanadin mutuwarsa. Yi-na, kyakkyawar cikinsu da take rayuwa da kuɗin maza, ta tuna wata yarinya. Tana 'yar makaranta jirgin ruwan da suke ciki ya yi haɗari, su biyu suka kama abu ɗaya mai yawo a kan ruwa, ita ta fita, ɗayar ba ta fita ba. Tun daga ranar ta daina ganin ranta da wata daraja.

Mutanen Koriya da suka kalli wannan a 2016 ba su manta da jirgin Sewol ba, wanda ya nutse ranar 16 ga Afrilu 2014 da rayuka 304, mafi yawansu 'yan makarantar sakandare. Mu kuwa wani tekun muka tuna. Sabha zango ce tun zamanin ayarin raƙuma da suke tasowa daga Kano da Kukawa su bi ta Gat ko Bilma da Murzuk su nufi Turabulus, har yanzu kuma zango ce, sai dai raƙuman sun zama motocin Hilux da suke fitowa daga Agadas ta Dirku da Madama da Gatrun. Mun ga waɗanda suka wuce arewa, mun ga kaɗan da suka dawo. Daga cikin waɗanda suka dawo akwai matan da ba sa son a yi maganar ruwa a gabansu, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsu dalili. Gidajenmu cike suke da irin wannan ma'ajiyar takalma. Mun iya rufe ta, domin an koya mana cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

A kan Ye-eun ne muka fi yin gardama a tsakaninmu, kuma a nan ne wasan ya yi abin da ba mu saba gani ba. Ita ce mai saurayi tun farko, mai kwalliya, mai ƙirga ranakun soyayya tana shirya kyauta. Saurayin nata, Doo-young, yakan manta alkawari, ya yi mata ƙarya, ya fizge ta da ƙarfi, sannan ya aiko da saƙo mai daɗi ta narke. Ƙawayenta suna gani, suna faɗa mata, ita kuma tana kare shi, tana ƙirƙira masa uzurin da shi kansa bai kawo ba. Da ta gaji ta rabu da shi, sai ya sace ta, ya ɗaure ta a ɗakinsa, ya yi mata duka. Ba 'yan sanda ne suka fara gano ta ba, ba kuma iyayenta ba. 'Yan gidan ne suka lura cewa ɓatan nata da saƙonnin da ke fitowa daga wayarta ba su yi kama da ita ba, suka bi sawu har ƙofar ɗakin, suka kutsa. Eun-jae, matsoraciyar cikinsu, ita ce ta tunkari wuƙar har ta yanke ta a hannu. An nuna wannan ne wata uku kacal bayan kisan wata budurwa mai shekara 23 a wani banɗaki kusa da tashar jirgin ƙasa ta Gangnam, a watan Mayun 2016, kisan da ya sa matan Koriya suka fito suna maganar tsoron da suke rayuwa da shi. A zango na biyu kuma marubuciyar ba ta yi kamar komai ya wuce ba. Ye-eun ta daina sa kaya masu launi, ta kasa fita ita kaɗai, sai ƙawayen suka riƙa raka ta. Wasu mutanen ma ita suka ɗora wa laifi, kamar yadda aka saba a ko'ina.

Wannan shi ne wasan da ake cewa yana koya wa yara soyayya. Mu dai abin da muka ji daga bakin ƙannenmu bayan wannan kashi shi ne tambaya: shin wanda yake bincika wayarki, yana hana ki gaisawa da ƙawayenki, yana ce miki saboda so ne, so ɗin ne kuwa? Tambaya ce da ba a yi mana ita a gida ba. An koya mana haƙuri, haƙuri kuwa abu ne mai kyau, shi ya riƙe gidajen da muka tashi a ciki. Amma a ƙasar Hausa mai haƙuri tana da inda za ta kai ƙara. Tana da yaji, ta tafi gidan ubanta ko na kawunta a zo biko a yi magana. Tana da waliyyi, da mai unguwa, da alƙali. A nan fa? Gidan uban yana bayan hamada, tafiyar kwanaki da kuɗi masu yawa. Da yawa daga cikinmu ba su da takardar zama, wasu an haife su a nan amma ba su da lambar ɗan ƙasa da aka fara aiki da ita a 2013, don haka ba kowace ce za ta iya tunkarar hukuma da kuka ba tare da ta jawo wa kanta da mijin da 'ya'yan wata fitinar ba. Idan aka cire duk waɗannan, wa ya rage wa mace? Ƙawarta. Wadda ta san yadda take magana, har idan ta ce “lafiya lau” da wata irin murya ta gane ba lafiya ba.

Abin da ya kamata mu tuna shi ne ba daga Siyul aka kawo mana ƙawance ba. A wurin kakanninmu ƙawa ba kowace abokiyar hira ba ce, alaƙa ce da ake ƙullawa da sanin iyaye, da kyauta da ramawa. Baba mutuniyar Karo, wadda aka haifa a 1877 ta ba wa Mary Smith labarin rayuwarta a Giwa ta ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga littafin a 1954, ta yi ta ambaton ƙawayenta kamar yadda take ambaton dangi, da yadda ake yi wa juna gudunmawar biki ana ninkawa, da alaƙar yaya da ƙanwar rana, inda babba take ɗaukar ƙarama wadda ba jininta ba ta riƙe ta kamar ƙanwa. Maza sun zo sun wuce a rayuwar Baba, domin ta yi aure fiye da sau ɗaya, amma ƙawayen suna nan. Har yau babbar ƙawar amarya ita ce mai riƙe sirrinta ranar ƙunshi da ranar kai ta ɗaki. Abin da ya ɓace mana shi ne abin da ke biyo bayan biki. A garuruwan da iyayenmu suka fito, ƙawa tana aure a unguwar gaba, zumunta kuwa a ƙafa take. A Sabha ƙafar ba ta kaiwa. Wannan an aurar da ita Turabulus, waccan mijinta ya samu aikin gona a Ubari, wata iyayenta sun gaji sun koma Nijar, wata an kwashe su a motar mayar da baƙi ba ta samu ko sallama ba. Wasu mazan kuma da zarar an ɗaura aure sai su ɗauki ƙawayen matar a matsayin masu zuga, su yanke igiyar da hannunsu, suna ganin sun gyara gida.

Ba duk abin da ke cikin Belle Epoque muke sha'awa ba, kada a yi mana mummunar fahimta. Suna shan giya idan sun yi farin ciki, suna sha idan sun yi baƙin ciki. 'Yan mata ne a gida babu babba sai mai gidan haya, abin da ba zai yiwu a nan ba, ba ma kuma neman ya yiwu. Ƙasar tasu ma da ake nunawa da fitilu da tituna masu sheƙi tana da nata ciwon: tsadar gida da wahalar samun aiki sun sa matasa da yawa sun haƙura da aure da haihuwa, har a 2023 matsakaicin haihuwar mace guda ya sauka zuwa 0.72, abin da babu kamarsa a duniya. Goggonmu da ta haifi tara da aka gaya mata haka salati ta yi, ta ce a daina yi mata wasa da hankali. Yarinyar da ta ɗauka Siyul aljannar duniya ce ba ta kalli Jin-myung da kyau ba.

A zango na biyu asirin Ji-won ya fito, ita da ake ganin ba ta da wata damuwa sai neman saurayin da ta kasa samu. Tana ƙarama tana da aminiya mai suna Hyo-jin. Wani malaminsu na zane ya ci zarafin yarinyar, ƙaramar Ji-won ta gani, maganar ta fita, gari ya juya wa Hyo-jin da uwarta baya maimakon malamin, rayuwarta ta tarwatse. Ji-won ta manta komai, ko kuma zuciyarta ta binne mata shi, ta girma ana ce mata maƙaryaciya har ita ma ta yarda. Lokacin da ta tuna, Hyo-jin ta riga ta mutu. Duk da haka ta je taron da ake karrama malamin, ta tsaya a gaban jama'a ta faɗi abin da ya yi, aka kai ta kotu ba ta janye ba, sauran 'yan gidan kuma suna bayanta. Ranar da muka kalli wannan kashi ba a yi sharhi da Hausa ba. Inna ta tambayi me aka ce, aka rasa mai mayar mata, sai can wata ta ce, “Inna, ƙawarta ce aka zalunta, ita ce take tsaya mata.” Inna ta ce ai ta gane tun kafin a faɗa.

Mu da muka kalli wasan tare yanzu muna ƙasa uku. Abin da ya haɗa mu shi ne zaure guda a WhatsApp da adashin da muke zubawa duk wata, ana lissafinsa da dinari da sefa da naira, kullum ana rigima a kan canji. Idan wata ta yi kwana uku ba ta ce uffan ba, sai a kira. Idan ba ta ɗauka ba, a nemi wata Bahaushiya a garin da take a roƙe ta ta leƙa. Akwai lamba guda a zauren da ta daina shiga tun 2019, shekarar da mai ita ta bi mijinta arewa, suna maganar tsallakawa. Hotonta yana nan yadda ta bar shi, da lalle a hannu. Duk wanda ya sauko daga Zawiya ko Sabrata muna nuna masa, kuma kasonta na zagayen adashin da ba ta kai ga ɗauka ba yana hannun babbarmu, a ƙulle cikin leda.